Babi na Bakwai: Takardar Gwajin Jini da Ciwon Tairod

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai laushi da likitoci ke kira tairod. Siffarta kamar ta malam-buɗe-littafi ce, nauyinta kuma a jikin baligi bai cika wuce giram 25 ba. Aikinta shi ne sarrafa sinadarin aidin da muke samu a abinci, ta fitar da sinadaran da ke daidaita bugun zuciya, ɗumin jiki da saurin ƙona abinci. Idan ta girma har ta fito fili, shi ne maƙoƙo, wanda a da ƙarancin aidin ya sa ya yi yawa a ƙasashenmu kafin a fara sanya aidin a gishiri. Sai dai ba kowane kumburin wuya ne ƙarancin aidin ke kawowa ba, domin akwai na kumburin cuta, akwai kuma, jefi-jefi, na ciwon daji.

Wanda ya je asibiti da matsalar wuya, sau da yawa akan tura shi gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda ake rubuta wa FBC a takarda. Layuka uku ne suka shafi darasinmu. Layin da aka rubuta NEUT yana nuna yawan nutrofil, wato fararen ƙwayoyin jini da ke fara tunkarar ƙwayoyin cuta, kuma su ne ke ƙaruwa da sauri idan jiki ya kumbura. Layin LYM na limfosayit ne, fararen ƙwayoyin da ke gane cuta su riƙe ta a ƙwaƙwalwar garkuwar jiki. Layin PLT kuwa na ƙwayoyin da ke daskarar da jini ne idan an ji rauni, waɗanda adadinsu a lafiyayyen mutum yakan kama daga 150 zuwa 450 bisa ma'aunin takardar.

Daga waɗannan layuka uku ake fitar da wani lissafi da ke nuna alamar kumburi a jiki, kuma lissafin ba shi da wuya. A ɗauki lambar da ke gaban NEUT a raba ta da wadda ke gaban LYM. Idan takarda ta nuna NEUT 6.0 da LYM 2.0, to shida a raba gida biyu ya ba da 3, kuma wannan amsa ita ce ake kira NLR. Idan an rubuta su da kaso cikin ɗari, misali 60 da 30, haka za a raba, amsar ta zama 2. Abin kiyayewa shi ne kada a haɗa lambar kaso da lambar adadi a lissafi guda. Haka ma idan PLT ya nuna 300 aka raba da LYM 2.0, an sami 150, wanda ake kira PLR. A yawancin lafiyayyun manya NLR yakan tsaya tsakanin 1 da 3.

Dalilin da ya sa masu bincike suka damu da wannan lissafi shi ne arha, tun da ba ya buƙatar sabon gwaji ko ƙarin kuɗi. Inda ya fi nuna amfani shi ne cutar da likitan tiyata Fritz de Quervain na ƙasar Suwizalan ya bayyana a 1904, wadda takan biyo bayan mura ko ciwon maƙogwaro. Mai ita yana jin zafi a gaban wuya har ya haura zuwa muƙamuƙi da kunne, ga zazzaɓi, ga bugun zuciya da rawar hannu, saboda tairod ɗin da ta kumbura ta tsiyayar da sinadaranta cikin jini. Waɗannan alamu na ƙarshe suna kama da na cutar Graves, inda tairod ke aiki fiye da ƙima, alhali maganin cututtukan biyu ya sha bamban. Bincike da dama sun nuna cewa NLR da PLR sun fi hawa a cutar de Quervain, don haka suna iya ƙara wa likita haske tare da gwajin ESR da CRP, wato gwaje-gwajen jini da ke auna kumburi a jiki. A cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, inda limfosayit ke mamaye tairod a hankali har ta gaza, canjin lambar ba shi da yawa, kuma gwajin TSH (sinadarin da ke sa tairod aiki) da na garkuwar jiki su ne abin dogaro.

Game da ciwon daji, a nan ne ya kamata a yi hattara sosai. Cikin kowane ƙulluto goma da aka gano a tairod, kusan tara ba daji ba ne, kuma ƙoƙarin bambance su da NLR ya ba da sakamako mai karo da juna. Abin da ya fi tabbata shi ne cewa ga wanda aka riga aka tabbatar yana da daji, musamman nau'in anafilastik mai saurin yaɗuwa, hawan lambar yana tafiya da tsananin cutar. Tabbatarwa kanta kuwa sai da hoton sikanin na wuya, sannan a soka siririyar allura a zuƙo 'yan ƙwayoyi a duba su a madubin likita. Ƙulluto mai tauri da ke girma da sauri, dishewar murya da ta ƙi wucewa, ko wahalar haɗiya, duk dalilai ne na neman waɗannan gwaje-gwaje, ko da NLR ya fito daidai.

Abubuwa da yawa na yau da kullum suna karkatar da lissafin. Zazzaɓin cizon sauro yana rage PLT ya kuma rage limfosayit, juna biyu yana ƙara nutrofil, haka ma ƙwayoyin deksametazon da faranisolon da wasu ke saya a kemis ba da takardar likita ba. Akwai kuma wani gado da ake kira rashin Duffy, wanda yawancin mutanen Afirka ta Yamma ke ɗauke da shi, yana sa nutrofil ɗinsu ya kasance ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba. Saboda haka iyakar NLR da masu bincike suka tsayar daga marasa lafiyar Turkiyya ko Sin ba lallai ta dace da mutumin Katsina ko Maraɗi ba.

Akwai lokaci guda da layin NEUT shi kaɗai ya fi kowane lissafi muhimmanci. Mai shan kabimazol, maganin rage aikin tairod, idan ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ya dakatar da maganin ya je a yi masa FBC a ranar, domin a wasu 'yan tsiraru maganin yana kusan ƙarar da nutrofil.

Aikin aji: takardar wata mata mai maƙoƙo ta nuna NEUT 7.5, LYM 1.5 da PLT 270, kuma ta gama maganin zazzaɓin cizon sauro kwana biyu kafin gwajin. Ku fitar da NLR da PLR nata, sannan ku rubuta jimla biyu kan abin da ya kamata ta sanar da likita kafin ya fassara sakamakon.