Yadda ake shirya wunin shaƙatawa a bakin tafkin Madarunfa

Tafkin Madarunfa yana kudu da birnin Maradi, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya, kuma yana riƙe ruwa har tsakiyar rani. Wanda ya tashi bayan sallar asuba zai wuni a can da iyalinsa, ya ci kifi sabon kamu, ya dawo gida rana ba ta faɗi ba. Sharaɗin dai guda ne: a ji daɗin ruwan daga gaɓa ko daga cikin kwale-kwale, kada a shiga cikinsa.

A fara da zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, domin tafkin yana cike, hanya ta bushe, tsuntsayen ruwa kuma sun hallara: balbela, zalɓe, kirinjijiya garke-garke. Albarkar irin waɗannan halittu ce ta sa aka sanya tafkin cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare dausayi, a 2019. Da damina gefen ruwa laka ne da sauro. A Afrilu da Mayu kuwa zafi yakan wuce digiri 40, yara ba za su jure ba.

Kayan tafiya tun daren jajibiri ake haɗa su. Ruwan sha aƙalla lita 3 ga kowane babba, sannan bido guda mai lita 20 daban don alwala da wanke hannu da wankin kifi. A ɗauki tabarma biyu, gawayi kamar tiya guda, ragar gashi, wuƙa mai kaifi, ashana, sabulu, igiya mai ƙwari mita 10, da buhu na zuba shara. Kowa ya sa takalmi rufaffe saboda ƙaya. Kada a mance katin ɗan ƙasa da takardun mota ko babur, akwai shingen jami'an tsaro a hanyoyin kudu. A cika tanki tun daga Maradi.

Da an isa, kafin a shimfiɗa tabarma, a nemi masunta. Sallama ce mabuɗi: "Sannunku da aiki. Baba, baƙi ne mu daga Maradi, ina ya dace mu sauka?" Su suka san inda gaɓa take da tauri, da inda taɓo yake haɗiye ƙafa har gwiwa, da mashayar da shanu suke bi da hantsi. In an ce sarkin ruwa yana kusa, a je a gaishe shi. A kewayen tafkin ne kaburburan waliyyai 99 suke, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga nesa; nan ba a kunna kiɗa, ba a hayaniya, ba a ɗaukar hoton mai addu'a sai da izninsa.

Wajen zaɓen inuwa a ɗaga kai a duba. Gawo da rani yake ganye, inuwarsa mai faɗi ce, sai dai yana zubar da ƙaya, dabbobi kuma suna taruwa ƙarƙashinsa cin ƴaƴansa, don haka sai an share. Tsamiya ta fi tsabta. Duk itacen da aka ga an ɗora amya a kai, a yi nesa da shi, hayaƙin gashi yana tayar da zuma. A bar tazarar taki 30 tsakanin tabarma da ruwa, yadda yaro ba zai kai gaɓa ba kafin a ankara.

Shiga kwale-kwale da safe ake yi, tun iskar hunturu ba ta taso ta fara kaɗa ruwa ba. A yi ciniki a gaɓa, a yanke kuɗi da tsawon lokaci. A duba cikin jirgin: in ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin katako, a nemi wani, kuma lalle a ga ƙwaryar kwarfe ruwa a ciki. Adadin mutanen da mai jirgi ya faɗa, shi ke nan, ko da yaro ɗaya kada a roƙe shi ya ƙara. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna a tsakiya, nauyi ya daidaita. Abin da ya fi kifar da kwale-kwale shi ne wani ya miƙe ɗaukar hoto, ko kowa ya karkata gefe guda don kallon abu. In babu rigar hana nutsewa, ƙananan yara su zauna a gaɓa tare da babba, a kuma shiga da bido wanda ba komai ciki, an ɗaure murfinsa tamau an ɗaura masa igiyar nan. In wani ya faɗa ruwa, a jefa masa bidon a jawo shi. Wanda bai iya ruwa ba kada ya bi shi, mai nutsewa duk abin da ya kama da shi yake tafiya.

Maganar wanka ita ce iyaye suka fi sakaci da ita, kuma tana da ciwo a rai. Ruwan da ke kwance, mai ciyawa a gefe, shi ne mazaunin ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar ba ta ganuwa da ido, ta fata take shiga cikin ƴan mintoci, ba sai an sha ruwan ba. Yaro zai yi wasansa ya fito garau, sai bayan makonni a ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Jinin nan cuta ce da ke lalata mafitsara a hankali, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu suke ɗauka. In hakan ta faru a kai shi likita, akwai ƙwayar da ake kira praziquantel, gwargwadon nauyin jiki ake ba da ita. Shi ya sa har alwala da ruwan gida za a yi.

Sai kifi. A saya lokacin da masunta suke fitowa da koma. Sabon karfasa idonsa a fili yake, in an ɗaga murfin gefen kansa cikin ja ne, naman kuma in an danna yana dawowa. Tarwaɗa a saye ta tana motsi. A kankare karfasa, a tsaga cikin a hankali kada wuƙa ta fasa matsarmama, in ta fashe ɗaci ya gama kifin. A yi masa tsaga uku kowane gefe, a cusa dakakken tonka da tafarnuwa da citta da gishiri, a matse lemun tsami, a bar shi minti 15. Kada a ɗora sai gawayi ya daina harshe ya yi fari-fari. A shafa wa raga man gyaɗa don kada fatar ta manne, a ba kowane gefe minti 7 zuwa 8, juyi ɗaya tak. In naman ya rabu da ƙaya cikin sauƙi, ya nuna.

Da an idar da la'asar a naɗe tabarma. A kashe wuta da ruwa har ta daina huci, saboda busasshiyar ciyawa da iska. A tsince leda kaf, awaki da shanu suna cinta ta toshe musu ciki. Kada a zarce wajen dajin Baban Rafi ko ƙauyukan bakin iyaka da yamma, yankin yana fama da ɓarayin daji. A kama hanya yadda kiran magariba zai iske mota cikin Maradi.