Yadda na daina ƙona wa Baba baki da shayi

A azumin bana, nan gidanmu a Makka, kullum aka sha ruwa sai Baba ya kurɓi shayi da sauri don kada jam'in Magariba ya wuce shi. Ranar nan na ga yana tauna dabino da gefe guda. Da na matsa masa ya buɗe baki, sai na ga ganɗarsa ta saluɓe, ta yi fari.

Laifina ne. Daga tafasa nake juye shayin a filas, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, filas kuma riƙe zafi ne aikinsa. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, tun 2016 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin sha da ya haura digiri 65 yana iya jawo sankarar maƙoshi.

Sai na sayo ma'aunin zafin abinci. Yanzu minti goma kafin kiran salla nake zuba masa nasa, in sheƙa tsakanin kofi biyu yadda masu shayi ke yi, har ya sauko ƙasa da 60.

Kwana biyar yana kurkure baki da ruwan sanyi, yaji kuma na ɗauke masa. Jiya ya ce, "'Yar nan, ƙaro mini."