Haɗa Trello da Bitly ta Zapier ko Make: inda mutane suka fi yin kuskure da yadda za ka gyara

Abin da ake so ba shi da wuyar faɗa. Ka sa kati a Trello ko aiki a Asana ko Todoist (manhajojin tsara ayyuka) da dogon linki a ciki, Zapier ko Make ko n8n (masu haɗa manhajoji su yi aiki da kansu) ya ɗauka ya kai wa Bitly mai gajarta linki, Bitly ya gajarta, a dawo maka da gajeren a ajiye a kan katin, kai kuma ba ka rubuta kod ko layi ɗaya ba. Cikin ɗan lokaci ka gama haɗawa, ka danna Test ya nuna komai lafiya, sai ka tafi harkarka. Matsalar tana fitowa ne bayan kwana biyu, kuma kusan kullum daga abu biyu take tasowa: ba ka faɗa wa abin takamaimai YAUSHE zai tashi ba, kuma ba ka ware masa INDA zai karanta da inda zai rubuta ba.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne zagaye mara ƙarewa. Ka zaɓi tiriga, wato abin da ke tayar da aikin, mai cewa duk lokacin da aka taɓa kati a tashi, sannan mataki na ƙarshe shi ne a rubuta gajeren linkin a cikin katin nan dai. To ai rubutawar ita ma taɓa kati ce, sai abin ya sake tashi, ya sake rubutawa, ya sake tashi, kamar kare mai bin jelarsa, kafin ka farga kason da aka ba ka na wata ya ƙare, kuma a tsarin kyauta na Zapier aiki 100 ne kacal a wata. Wani lokacin ma zagaye na biyu gajeren linkin yake ɗauka ya miƙa wa Bitly, shi kuma ya ƙi karɓa ya ce wannan ai nawa ne tun asali, sai saƙon kuskure ya cika maka imel. Gyaran shi ne ka daina amfani da tiriga mai faɗi haka. Buɗe jeri guda ka sa masa suna "A gajarta", ka ce abin ya tashi ne kawai idan an ja kati zuwa wannan jerin, ko idan an manna masa wata alama. Sannan ka ƙara filta a tsakiya mai cewa a ci gaba kawai in gurbin gajeren linki babu komai. Ni dai ina ganin filtan nan ko tirigarka tana da kyau ka sa shi, don wata rana wani abokin aiki zai mayar da katin baya ya sake jawo shi. In tsarin da kake kai bai ba ka damar ƙara filta ba, to aƙalla ka sa amsar ta je wani wuri daban da wanda tirigar ke kallo.

Sai kuma gajarta linkin da ba shi ake nufi ba, wannan kam yana da ban haushi don babu wani kuskure da zai fito, komai kore. In ka zo zaɓar abin da za a tura wa Bitly za ka ga gurabe da yawa masu URL a sunansu, kuma na farko da ido ke kaiwa galibi adireshin katin ne shi kansa, wato wanda ya fara da trello.com, ba linkin da ka liƙa a cikin katin ba. Sai ka gajarta shi ka watsa wa jama'a, su danna, a ce musu su yi rajista ko ba su da izinin gani tunda allon na sirri ne. Kai in ka gwada a wayarka zai buɗe lafiya lau saboda kana ciki da akawun ɗinka, shi ya sa ba ka ganewa. Ka riƙa gwadawa a burauzar da ba ka shiga akawun ba.

Wanda ke biye da shi: tura duk bayanin katin a matsayin linki. Mutum ya rubuta "ga labarin da za a saka gobe" sannan linki ya biyo, ka ɗauki gurbin bayani gaba ɗaya ka zuba a inda Bitly ke jiran dogon adireshi, dole ya dawo da INVALID_ARG_LONG_URL. Haka in aka rubuta adireshin babu https:// a gaba, ko fili ya maƙale a ƙarshe wajen kwafa. A Zapier akwai Formatter mai Extract URL da zai tsamo maka linkin daga cikin rubutu, amma fa na farko yake ɗauka, in katin yana da linki uku sai yadda ta yiwu. Abin da ya fi kwanciyar hankali ka yi gurbi biyu na musamman, ɗaya "Dogon linki" ɗaya "Gajeren linki", kowa a tawagar ya san dokar. A Todoist da babu irin waɗannan guraben, ku yi yarjejeniya cewa gurbin bayani linki kaɗai ake sawa, amsar kuma ta dawo a kwament.

Akwai wani ƙarami: lokacin gwaji ka liƙa adireshi da hannu a gurbin maimakon ka zaɓo shi daga matakin farko, ka manta. Duk katin da ya zo sai ya samu gajeren linki iri ɗaya. Gwada da kati biyu mabambanta, nan take za ka gani.

Masu talla su kuma matsalarsu UTM ce, wato alamomin da ake ƙarawa a linki don a san inda dannawa ta fito. Waɗannan utm_source da utm_medium da utm_campaign a jikin DOGON linkin ake ɗaura su kafin a gajarta, in ka gajarta sannan ka liƙa su a bayan bit.ly kada ka sa rai za su isa inda ake so. Ka lura kuma in adireshin yana da alamar ? tun farko, da & za ka ci gaba, kada ka sa wata ? ta biyu. Kuma Bitly in ka ba shi dogon adireshi iri ɗaya sau biyu, gajeren da ya ba ka a baya zai dawo maka da shi, don haka in kana son sanin dannawar Facebook daban da ta WhatsApp dole dogayen su bambanta, UTM ɗin ce ke bambanta su.

Yanzu maganar da nake so a ɗauka da muhimmanci. Gajeren linki ba kulle ba ne. Haruffan ƙarshensa kaɗan ne, kwamfuta tana iya bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma a 2016 masu bincike a Amurka sun nuna haka, inda suka yi ta cankar gajerun linki suna faɗawa cikin fayilolin mutane na OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft. To ka yi tunani ka sa abin yana gajarta DUK linkin da ya shiga allon aiki, har da takardar Google Drive da aka buɗe wa duk mai linki, har da kwantiragi da bayanan kwastoma. Wannan ma dalili ne na jerin "A gajarta", abin da za a fitar waje kawai ke shiga can.

Wasu kuma abin bai lalace ba, haƙuri ne babu. Tiriga da yawa ba nan take suke tashi ba, leƙawa suke yi lokaci-lokaci, a tsarin kyauta yakan kai minti 15 tsakanin leƙe da leƙe. Sai mutum ya ga shiru ya goge katin ya sake yi, ya sake yi, can sai ga su duk sun fito. Sannan Zap, wato haɗin da ka gina a Zapier, ba ya komawa kan tsofaffin katunan da ke nan kafin ka kunna shi, Make ne ke tambayarka daga ina zai fara. In ka ce ya fara daga farko a allo mai ɗaruruwan katuna, ka shirya ganin kuskure mai lamba 429, ma'ana ka yi yawan buƙata a ɗan lokaci, ko kason linkinka na wata ya ƙare, wanda a Bitly na kyauta bai taka kara ya karya ba. Rage adadin da ake ɗauka a kowane zagaye.

In kuwa kuskuren 401 ko 403 na rashin izini ka gani bayan wata da watanni ana tafiya lafiya, duba haɗin akawun, galibi wanda ya haɗa da akawun ɗinsa na kansa ne ya bar aikin ko aka janye izinin. Ku haɗa da akawun na tawaga tun farko, kuma saƙon kuskure ya riƙa zuwa imel ɗin da ake buɗewa, don in kuskure ya yi ta maimaituwa su Zapier da Make kashe aikin suke yi.

Kada kuma ka bari gajeren ya goge dogon a kan katin. Google ya daina ba da sabbin gajerun linkinsa na goo.gl tun tuni, a Agustan 2025 kuma ya kashe waɗanda ba a amfani da su, wanda bai ajiye asalin adireshin ba sai dai ya yi ta nema. In linkin zai hau takarda ko lambar QR da ba za ka iya canzawa ba, yi amfani da domen naka, wato sunan adireshinka na kanka, ta Rebrandly ko Short.io ko Bitly na kuɗi, ka kuma ƙara mataki ɗaya da zai zuba sunan katin da dogon da gajeren a layi guda a Google Sheets.