Kalmar полиглот a Rashanci: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Mutumin da yake jin harsuna da yawa ana kiransa полиглот a Rashanci. Kalmar ta samo asali daga Girkanci, inda rabinta na farko yake nufin yawa, na biyu kuma yake nufin harshe. Da yake akwai irinta a Turanci da Faransanci, ɗalibin da ya isa Mosko ko Kazan daga Kano ko Zinder yakan ɗauka ya riga ya san ta, kuma daga wannan zaton ne yawancin kurakuran suke tasowa.

Mafi yawa a furuci suke, domin a nan ne bakin Bahaushe yake komawa ga abin da ya saba. Hausa ba ta bambanta p da f, saboda haka ɗalibi yakan fara kalmar da sautin f, alhali Rashanci yana da haruffa biyu daban, п da ф, kuma musanya su yana iya canza ma'ana gaba ɗaya. Gyaran shi ne a haɗe leɓɓa biyu sosai kafin a saki iska. Haka kuma Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, don haka sai a cusa wasali tsakanin г (g) da л (l), a kuma ƙara wani a ƙarshe, kalmar ta koma kamar "faligiloti". Wannan wasali na ƙarshe ya fi sauran illa, domin jam'in kalmar shi ne полиглоты, kuma mai sauraro zai iya zaton ana maganar mutane da yawa ne, ba mutum guda ba. Dole a rufe kalmar a kan т, a tsaya cak.

Sai batun nauyin murya. A Rashanci gaɓa ɗaya ce tak take ɗaukar ƙarfi a kowace kalma, kuma a nan ta ƙarshe ce. Harafin о na farko, da yake babu ƙarfi a kansa, ba ya fita a matsayin o, yana raunana ne ya kusanci a gajere. Abin da kunne yake ji ya fi kama da "paliglot". Sai dai a rubutu о ɗin yana nan daram, kuma wanda ya rubuta палиглот bisa abin da ya ji ya yi kuskuren ƙa'idar rubutu.

A ganina kuskuren ma'ana ya fi na furuci nauyi, ko da yake ba a cika lura da shi ba. Mutane sukan kira mai jin harsuna da yawa лингвист, amma wannan kalma, tare da takwararta языковед, tana nufin masanin kimiyyar harshe, wanda yake nazarin nahawu da tsarin sauti ko da harshe biyu kacal yake iya magana da su. Dmitri Olderogge, wanda aka buga ƙamusun Hausa da Rashanci ƙarƙashin jagorancinsa a Mosko a 1963, malamin bincike ne, kuma da aikin bincikensa aka san shi. Ɗan kasuwar da yake ciniki da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Larabci da Faransanci a kan iyakar Chadi kuwa, ko bai taɓa shiga aji ba, shi ne полиглот na haƙiƙa. Tafinta da mai fassara kuma sunansu переводчик, wanda sana'a ce, mai harshe biyu kuwa билингв ne.

Jinsi ma yakan rikita Bahaushe, wanda ya saba da malami da malama. Kalmar ta namiji ce a nahawu, amma a magana ta ƙa'ida ita ake amfani da ita ga mace, a ce она полиглот. Akwai siffar полиглотка a maganar yau da kullum, sai dai ƙarshenta ya yi daidai da глотка, wato maƙogwaro, don haka ba ta da daɗin ji, kuma gara a bar ta a rubutun makaranta ko na ofis. Wannan kamanni ne kuma yake sa wasu su alaƙanta kalmar da глотать, wato haɗiya, alhali daga harshen Girkanci ta zo.

Rashanci yana sauya ƙarshen suna ta hanyoyi shida gwargwadon aikinsa a jimla, kuma kalmar aro irin wannan ba ta tsira ba. Wanda yake son ya ce ya san wani mai harsuna da yawa zai ce я знаю полиглота, da а a ƙarshe, domin karɓau mai rai ne. Wanda yake burin zama irinsa zai ce я хочу стать полиглотом, domin aikatau стать yana jan ƙarshen ом. Barin kalmar tsirara a waɗannan wurare shi ne abin da malaman shekarar share fage suka fi ja wa jan layi.

Daga nan sai jimlar da takan biyo baya, wato faɗin harsunan da mutum yake ji. Kalmar язык, kamar "harshe" a Hausa, tana nufin tsokar baki da kuma yare, amma don a ce "ina jin Rashanci" ba a cewa я говорю русский язык. Ana cewa я говорю по-русски, ko я говорю на русском языке, mai harsuna biyar kuma ya ce я говорю на пяти языках. Sunan Hausa, хауса, ba ya sauya ƙarshe ko kaɗan, don haka я говорю на хауса ya wadatar.