Yadda za ka gane ko injin kafinta mai tsada ya cancanci kuɗinsa

Wani yaro da ya gama koyon aiki a hannuna bara ya same ni a shago nan Aboabo a Kumasi, wai masta na tara 'yan sidi, in sayi injin Makita mai tsada ƙwaya ɗaya ko in kwashi na Ingco masu araha uku da kuɗin? Tambayar nan kusan kullum sai an yi min ita, to ga yadda ni nake bi kafin in fidda kuɗi, wanda ya ga zai amfane shi ya ɗauka.

Abu na farko, zauna ka duba wane inji ne ba ya hutawa a hannunka. Shi kaɗai ya cancanci ka kashe masa kuɗi mai nauyi. Ni nawa injin zarto ne da injin gyaran fuskar katako, tun safe har la'asar suna kuka. Amma injin huda rami da zan ɗauka sau uku a rana in sa a ƙofa? Na araha ya ishe ni, shekara nawa yana nan bai ce komai ba.

Sai ka duba irin katakon da kake ci da shi. In aikinka wawa ne (katakon nake nufi, ba kai ba) da filawud, benci, teburin makaranta, silin, to ko ƙaramin inji zai ratsa shi kamar sabulu. Amma in kana zuwa kasuwar katako ta Sokoban kana ɗauko katako mai tauri irin odum ko tik don ƙofofi da gadaje, nan ne ake gane na ƙwarai, domin odum wani lokaci har da ɗan dutse-dutse a cikinsa, tik kuma akwai yashi a jikinsa mai cinye kaifi, injin araha sai ka ji muryarsa ta sauka, ya yi zafi, ya fara warin ƙuna, kai kuma kana dannawa don mai aiki yana jira, shi ke nan koyil, wato naɗin wayar cikin injin, ya ƙone. Mai tsada yana riƙe gudunsa a cikin katako, kuma yankan da ya yi yau daidai da na bayan wata shida, boris ɗinsa, wato abin da ƙarfen injin ke juyawa a kai, ba ya saurin yin lako-lako. Abin da kake biya ke nan, ba fenti ba.

Na uku kuma wallahi shi ya fi ƙona mutane: karanta ɗan ƙarfen da ke jikin injin. Wutarmu a Gana volt 230 ce, ta Amurka 120. Wani ɗan'uwana ya taɓa aiko min inji sabo fil daga can, murna ta hana ni dubawa, na canza masa filogi na jona, ko minti ɗaya bai yi ba sai hayaƙi. Laifina ne, ba na kowa ba. In za ka yi aiki da irinsu sai da tiransifoma mai rage wuta, kuma wadda ƙarfinta ya wuce na injin sosai saboda lokacin tashi yana jan wuta da yawa. Ko kayan Ingila na hannu ma a kula, na wurin gini masu filogi ruwan ɗorawa 110 ne.

Daga nan kada ka je shagon mai sayarwa tukuna, fara zuwa wurin mai gyara. Tambaye shi, injin kaza in ya lalace ana samun kabon ɗinsa, amecha, makunni, boris? Shi ba ya da ribar yi maka ƙarya. Makita da Bosch ana samun kayansu ba wahala sosai. Festool kuwa, na Jamus ɗin nan, inji ne mai kyau ba musu, yana zuƙe ƙura yana yanka kamar reza, amma ranar da wani ɗan abu ya karye a ciki sai ka jira wani mai zuwa daga Turai, aiki ya tsaya. Ni ban ga dalilinsa ba sai ga mai yin kabad ɗin kicin na manyan gidaje. Kuma Bosch ɗin ma iri biyu ne, shuɗi na masu sana'a, kore na aikin gida, kada a sayar maka da kore a kuɗin shuɗi.

Maganar batir. Tun dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 mutane suka koma son marasa waya, kuma gaskiya suna ceto ranar da ECG, kamfanin wutar lantarki, suka ɗauke. Amma ka sani batir kake aura ba inji ba, batirin Makita na volt 18 ba ya shiga injin DeWalt, to ka tsaya gida ɗaya. Kuma kada 20V da aka rubuta a DeWalt na Amurka ya ruɗe ka, shi ne dai 18 na Turai. Kar ka bar batir ƙarƙashin kwano da rana, zafi ke kashe shi.

Ranar saye, tafi da guntun odum a jaka. A jona, ka yanka a gabansu, ka saurara, ka ji nauyinsa a hannu, jabu ya cika kasuwa kuma yawanci ya fi sauƙin nauyi, rubutun jikinsa ma a karkace. Ka karɓi rasit da takardar garanti. Wanda ya hana ka gwadawa, yi masa sallama.

Kuma ka ware kuɗin sayen ruwan zarto mai kyau, mai haƙora 24 don tsaga, mai 60 don yankan gicciye da filawud. Injin araha da ruwa mai kaifi ya fi mai tsada da dakusasshe, na gwada na gani.

Yaron nan dai a ƙarshe zarton Makita ya saya, ya haɗa da injin huda na Ingco, sauran canjin ya sayi ruwan zarto biyu. Na ce masa mai tsadan kada ya ba yaran shago, kuma kowace yamma ya hure masa ƙura kafin ya kulle a akwati.