Yadda Ake Bambanta Aska da Wuƙar Aljihu, da Yadda Ake Kula da Kowacce

A kasuwannin Kaduna, musamman wajen masu tireda a Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, akwai matasan da ke kiran duk wani ƙarfe mai kaifi da ake naɗewa da sunan aska, alhali dattawa ba su ɗauki kalmar haka ba. Aska, wadda jam'inta asake ne, ita ce kayan aikin wanzami, da ita yake aski da tsaga da kaciya, kuma daga gare ta aka samo sarautar Sarkin Aska, wato shugaban wanzamai. Abin da ya sa ake kiran ta aska shi ne aikin da take yi, ba naɗewar da take yi ba, domin askar da maƙeran gargajiya suke ƙerawa ɗan ƙarfe ne guda mai faɗin baki, ba ta da mahaɗi, wato wurin da ƙarfe da ƙota suke haɗuwa don a iya naɗewa, ana naɗe ta cikin ƙyalle a jefa a zabira. Mai naɗewar daga baya ta iso ta hanyar fatauci, daga garuruwan da suka shahara da ƙira irin su Shafil ta Ingila da Solingen ta Jamus, sai ta gaji sunan saboda ta gaji aikin.

Saboda haka wanda yake son ya yi amfani da kalmar daidai, sai ya fara duba bakin ƙarfen. Idan bakin siriri ne ƙwarai, gadon bayansa mai kauri, ba shi da tsini, kuma ƙotar ba ta riƙe shi idan an buɗe sai dai yatsun mai aiki su riƙe, to aska ce. Idan kuwa yana da tsini, kuma akwai wani ƙarfe ko zobe da ke danne shi don kada ya rufe a kan yatsa, wannan wuƙar aljihu ce, ta feren mangwaro da yankan igiya da fiƙe alƙalamin kara. Irin ta ce Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen a 1902 domin kasuwannin Afirka kafin a mayar da aikinta Afirka ta Kudu a 1988, da kuma Opinel ta Faransa da ta samo asali a 1890. A magana ana cewa askar wanzami, ana cewa aska ta ci, ana kuma cewa wane aska ne a fanninsa idan ya ƙware matuƙa, amma ba a cewa an yanka rago da aska, kuma mahauci zai yi dariya idan ya ji.

Bambancin ya fi fitowa wajen wasawa, kuma a nan ne mutane suka fi lalata kayansu. Aska ana kwantar da ita ne gaba ɗaya a kan dutse mai laushi wanda aka jiƙa da ruwa, baki da gadon baya duka suna taɓa dutsen, a tura ta a hankali baki na gaba, a juya ta ta kan gadon bayan a dawo, ba tare da dannawa ba, domin nauyinta kaɗai ya isa. Kaurin gadon bayan shi ke tsayar da karkatar da ake buƙata, shi ya sa duk wanda ya ɗaga shi daga dutsen ya riga ya dakusar da bakin ko da yana ganin yana sheƙi. Bayan dutse sai fata: a ja askar a kan fata mai santsi, amma wannan karon gadon baya ne ke gaba, in ba haka ba za ta yanke fatar. Wuƙar aljihu kuwa ana ɗaga bayanta kaɗan, kimanin digiri 20, a wasa ɓangarorin biyu daidai wa daida. A ganina kai aska wurin masu wasa wuƙa da injin juyawa, irin waɗanda ake samu a Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, asara ce, domin zafin injin yana kashe ƙarfin siririn baki, kuma abin da ya cinye a minti guda ba ya dawowa. Adda da gatari su ne na inji.

Mahaɗi shi ne inda tsatsa ke fara kamawa, balle a daminar Kaduna da ake shafe watanni iska na ɗauke da laima. A goge ƙarfen ya bushe sarai kafin a naɗe, a ɗiga man keken ɗinki digo ɗaya a mahaɗin, a buɗe a rufe har ya shiga. Wuƙar da ake yanka abinci da ita a sa mata man gyaɗa maimakon na inji. Wajen rufewa a riƙe gadon baya da hannu ɗaya, a janye yatsu daga ramin ƙota, sannan a sauke bakin a hankali.

Game da tsafta babu sassauci. Ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suna iya bin jinin da ya rage a bakin aska daga wani zuwa wani, kuma gogewa da ƙyalle ko da tafin hannu ba ta kashe su. Mai gidan da ya kira wanzami ranar suna don askin jariri yana da ikon ya nemi a wanke askar da sabulu a tafasa ta minti 20, ko ya tanadi sabuwa tasa ta kansa, ko kuma a yi amfani da irin mai naɗewar nan da ake ɓalla reza gida biyu a sa mata rabi, a zubar bayan aski ɗaya. Ba raini ba ne a ce, “Baba, don Allah ga sabuwar reza nan,” kuma wanzaman da suka san darajar sana'arsu su da kansu suke ɓare ta a gaban mai gida.