Yadda fursuna ke ɗaukaka ƙarar habeas corpus a kotunan tarayyar Amurka

Idan kotun tarayya ta gunduma ta kori ƙarar habeas corpus, wato ƙarar da fursuna ke shigarwa don ƙalubalantar halaccin tsare shi, abin da zai fara dubawa shi ne ranar da aka shigar da hukuncin a rajistar kotu, domin daga ranar ake ƙirga wa'adi. Wanda kotun jiha ta ɗaure yana da kwana 30 ya miƙa sanarwar ɗaukaka ƙara, wanda kotun tarayya ta ɗaure kuwa kwana 60. Sanarwar gajeriyar takarda ce mai ɗauke da sunansa, da hukuncin da yake ƙalubalanta, da kotun da yake son zuwa, kuma a kotun da ta yanke hukuncin ake miƙa ta.

Wa'adin nan ba a yi masa sakaci. A shari'ar wani fursuna mai suna Bowles ta 2007, alƙali ya yi kuskure ya ba shi ƙarin kwana 17 alhali doka 14 ta amince, shi kuma ya miƙa takardarsa a rana ta 16, amma Kotun Ƙoli ta ce ya makara. Sauƙin da ake da shi tun 1988 shi ne ranar da fursuna ya damƙa takardar ga ma'aikatan gidan yari domin aikawa ita ake ɗauka ranar shigarwa, saboda haka ya rubuta kwanan watan ya sa hannu.

Daga nan sai babban shinge, wanda wata dokar tarayya ta 1996 ta tsaurara: a mafi yawan lokuta dole ya samu takardar izinin ɗaukaka ƙara. Alƙalin gunduma ne ke fara bayarwa ko hanawa, in ya hana a nema a kotun ɗaukaka ƙara. A wannan mataki ba a buƙatar ya tabbatar zai yi nasara. Ya isa ya nuna cewa alƙalai masu hankali za su iya saɓani a kan ko an tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. Idan kuwa a kan ƙa'idar shigarwa aka kori ƙarar, kamar makara, sai ya nuna ita ma korar abar jayayya ce. A ganina, gara ya tsaya a kan batu ɗaya ko biyu masu ƙarfi, tunda izinin batu-batu ake ba da shi.

Wanda ba shi da halin biyan kuɗin kotu yana iya roƙon a yafe masa ta hanyar rantsuwar rashin ƙarfi. Bayan an samu izini, mai ƙara zai gabatar da hujjojinsa a rubuce, gwamnati ta mayar da martani cikin kwana 30, sannan alƙalai uku su yanke hukunci. In bai dace ba, yana da kwana 90 ya roƙi Kotun Ƙoli ta duba, ita kuwa ƙararraki kaɗan take karɓa.